Haƙorin Makkan Jibirilu

Laraba, 3 ga Shawwal 1377 (1958 a ƙidayar Turawa). Yendi.

Alhaji ya iso daga Salaga da la'asar, ya zo yi mana barka da Sallah. Ƙanena Jibirilu ke nan. Har yau in na rubuta Alhaji sai in ji sanyi a ƙirjina, yaron da na goya da bayana, ya tafi Makka ta ƙasa, shekara uku ba labari, ya dawo mana da Mauludin da ya wuce.

Na yi masa tuwo da miyar ayoyo, ya sa hannu sau biyu ya janye. Kuncinsa na dama ya tashi kamar ya ɓoye goro. Na ce mene ne, wai sanyin hanya. Sanyin hanya a wannan zafin! Da na matsa masa ya ɗaga leɓe. Haƙorin Makkan ne, na sama, wanda ke bayan fiƙa. Dasashin wajen ya yi baƙi.

Inna lafiya, in ji shi, sai dai idon yana ƙara rufewa.

Juma'a, 5 ga Shawwal.

Kanumfari, ruwan gishiri, bagaruwa, har garin taba da kanwa da tsohuwar makwabta ta kawo. Ba wanda ya yi. Matan unguwa sun cika zaure suna neman Alhaji ya yi musu addu'a, ya yi, hannu a baki. Akwai wari. Ban faɗa masa ba.

Litinin, 8 ga Shawwal.

Malam, maigidana, ya kira Iddi wanzami. Iddi ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe, Alhaji ya kusa tashi sama. Iddi ya ce ciwon yana ƙarƙashin azurfar, shi kuma cirewa kawai ya iya, ya tumɓuke duka a huta. Na ce a'a. Haƙorin da aka sa a Makka, a jefa shi a kwata? Inna ba za ta yafe mana ba.

Iddi ya ce to akwai wani Saaka a Bawku, tsohon soja, ya koyi aikin haƙori wajen likitocin soja a yaƙin Bama. Ba ya cirewa sai dole. Yana rarake ruɓar ya cike kogon, mutum ya tafi da haƙorinsa.

Ana ambatar Bawku Alhaji ya miƙe. Wai ya ji sauƙi. Wai Tamale ta fi kusa. Malam ya ce a Tamale ma cirewa za su yi, ya gani da idonsa. Alhaji ya ce to zai haƙura, Allah ne mai magani. Mutumin da ya keta Sahara da teku, hanyar Bawku ce ke ba shi tsoro. Na yi masa tsiya har ya fita.

Alhamis, 11 ga Shawwal.

Na yi faɗa a bakin rijiya, Allah ya yafe mini. Rashidatu ce, matar mai nama. Wai ita dai ta ga haƙoran Makka da yawa, ba ta taɓa ganin wanda ya dushe kamar gindin tukunya ba, ko maƙeran can sun ƙare ne. Mata suka yi dariya.

Na wanke ta tas. Na ce wanda bai taɓa wuce Bimbila ba ya yi mana shiru da zancen Makka. Na ce ƙanena ya taɓa Ɗakin Allah da hannun da ita ba ta isa ta gaisa da shi ba. Har guga na bari a can, sai aikowa aka yi da shi.

Lahadi, 14 ga Shawwal.

Zazzaɓi. Idon dama ya kusa rufewa don kumburi. Yana sambatu, yana kiran Inna.

Malam ya ce ba shawara kuma, gobe akwai lorin da zai kai doya Bawku. In raka shi, mu sauka wajen Zaliha, ƙanwar Malam, da ke aure a can. 'Yata Asana zan bar wa kakarta. Alhaji ya kama gefen zanena ya ce, Yaya, don Allah ko'ina ban da can. Na ce kai dai ka ji kunya, ƙato da kai.

Laraba, 17 ga Shawwal. Bawku.

Mun iso a jigace. Ruwa ya tare mu bayan Gushegu, lorin ya kafe a gangaren Nakpanduri, maza suka sauka turi. Tun daga Garu Alhaji ya ja rawani ya rufe fuska, ido ɗaya kawai a waje. Na ɗauka kunyar kumburin ce.

Zaliha ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta durƙusa har ƙasa. Alhaji guda a gidanta.

Alhamis, 18 ga Shawwal.

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zan yarda da kaina.

Ɗakin Saaka yana bayan kasuwar dabbobi. Kujera ɗaya mai jingina, da wani inji da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, da kwalabe a jere. Ɗakin duk ƙanshin kanumfari. Dattijo ne, siriri, Hausarsa irin ta nan, da ni da Alhaji duk kai yake ce mana. Mai surutu kuma. Kafin ya taɓa kowa sai da ya nuna mini kayansa kamar mai talla. Wannan farin gari, in an kwaɓa shi da man kanumfari, na wucin gadi ne, yana kwantar da ciwo, wata biyu uku a cire. Wannan garin azurfa ne, da zaiba ake murza shi, in ya daskare sai ya shekara goma ana tauna ƙashi, amma yana baƙi, don haka turame ake cikewa da shi. Wannan kuma farin siminti, na haƙoran gaba, ba mai ganewa. Ya ce ciko ba ya mutuwa tare da mai shi. In ya tsage, ko ya saki gefe, abinci ya riƙa shiga, ruɓa ta dawo ta ƙasa, dole a fitar a sake.

Alhaji ya ƙi sauke rawani. Ni na sauke masa da hannuna.

Saaka ya sa wani ɗan ƙarfe ya ɓanɓare rufin, ya fita ba wuya. Ya juya shi a tafin hannu, ya kai hanci, ya ce wa ya yi maka wannan ta'asa? Wai ba azurfa ba ce, kuza ce da dalma aka goge. Na ce a Makka aka sa. Bai ji ni ba, ya riga ya leƙa bakin. Sai ya yi dariya, irin ta wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

Ya ce, a'a, wannan ai cikona ne! Ya ɗago fuskar ya duba. Kai ne mutumin Sankanse, mai dakon gishiri! Ban ce ka dawo bayan wata biyu in sa maka na dindindin ba? Ka je ka rufe na wucin gadi da gwangwani, shekara guda, dole ya ruɓe.

Na ce, Baba, ka yi kuskure, wannan Alhaji ne, bara war haka yana hanyar Makka.

Ya ce kuskure ina. Jajiberin Babbar Sallah ya zo, ranar Arfa, ina azumi, na so in ƙi, na ga yana hawaye. Washegari ma na ba shi nama.

Ranar Arfa.

Na dubi Jibirilu. Bakinsa a buɗe, auduga a ciki, ido a rufe. Bai musa ba. Ko kai bai girgiza ba. Saaka ya dube ni, ya dube shi, dariyar ta tafi. Daga nan ya taka injinsa. Da ya huda, mugunya ta zubo, warin ya kore ni waje. Na zauna a kan dutse ina kallon tumaki har aka kira azahar.

Juma'a, 19 ga Shawwal.

Ban yi masa magana ba. Zaliha tana ta Alhaji ga koko, Alhaji ga ruwa.

Asabar, 20 ga Shawwal.

Shi ya same ni a bayan gida ina wanki. Kumburin ya fara sauka, an yi masa allura a asibiti. Ya tsuguna nesa.

Sun kai iyakar Sudan, wai. Aka mayar da su, ba takardar lambar rigakafi. Waɗansu suka bi ta daji, shi ya ji tsoro. Ya yi jinya a Yarwa ta Barno. Guzuri ya ƙare. Ya juyo, ya zo har Sankanse, nan bakin iyaka, ya kasa ƙarasowa gida. Kusan shekara biyu yana dako, tafiyar yini biyu uku tsakaninsa da ni. Da ya ga alhazai na dawowa sai ya je wajen wani maƙeri.

Na ce likkafanin Inna fa? Wanda ka ce ka wanke da zamzam?

Ya ce a kasuwar nan ya saya.

Zamzam ɗin da ka kawo mana fa?

Ya sunkuyar da kai. Ruwan rijiya ke nan.

Na ce tashi daga gabana. Ya ce Yaya. Na ce ba ni ce yayarka ba, je ka nemi yayarka a Sankanse.

Babanmu ya rasu da burin Makka a ransa. Inna ta yi alkawari a kan gawarsa ɗansa zai je. Ranar da ya dawo Salaga aka yi ta guɗa tun daga tasha, Inna ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida, ta ce yanzu ko yau mutuwa ta zo ta shirya. Yana tsaye yana kallonta, yana murmushi da gwangwani a baki.

Talata, 23 ga Shawwal.

Ruwan nan na ɗiga wa Asana a baki lokacin ƙyanda. Na shafa wa Inna a ido da yatsana, ina bismilla. Na hana kaina ko kurɓa ɗaya don kada ya ƙare. Na raba wa matan malamai a murfin kwalba, suna karɓa hannu biyu. Wayyo ni Safiya, da karatuna da komai.

Kuma Rashidatu ce mai gaskiya. Wannan ya fi ci mini rai, Allah ya sani.

Ya ci amanata. Ba ni da wata kalma. Da ya dawo a tsiyace ya ce Yaya ban kai ba, wallahi da na rufa masa asiri da zanena, na yi faɗa da duk Yendi a kansa. Ai na yi faɗan ma. A kan ƙarya.

Alhamis, 25 ga Shawwal.

Na raka shi wajen Saaka don kada Zaliha ta yi tambaya. An wanke kogon, an sa magani, an toshe da farin garin nan. Sai ya yi makonni yana zuwa kafin a san ko haƙorin zai tsaya.

Saaka ya biyo ni waje. Ya ce ka yi haƙuri, ban sani ba. Ya ce daga bakinsa ba mai ji. Na ce ba kai ka yi laifi ba, Baba. Ya ce in ya warke abu biyu ne. Ko farin siminti, ya koma haƙori kamar na kowa. Ko ya cike shi ya rufe da azurfa ta gaske, in an kawo azurfar, shi ba ya ajiye ta. Gwangwanin dai ba zai mayar ba ko an yanka shi.

Na ce fari. Ya fita da bakin da uwarsa ta haife shi da shi.

Litinin, 29 ga Shawwal.

Gobe zan koma, shi zai zauna.

Na faɗa masa na zaɓi fari, ina jiran ya yi roƙo. Bai yi ba. Ya ce shi ma shi yake so. Ya gaji, wai. Duk wanda ya ce masa Alhaji kamar an taka masa haƙorin. In ya warke zai je Salaga kafin Sallah ya durƙusa ya gaya wa Inna da bakinsa, ya gaya wa liman.

Na ce ba sai ka wahala ba, ni zan riga ka. Ban yarda da bakinka ba kuma.

Ya rame. Ban ce masa ya rame ba.

Juma'a, 4 ga Zulƙida. Yendi.

Malam ya tambayi jikin Alhaji. Na ce da sauƙi. Na buɗe baki in ƙara, Asana ta yi kuka, na tashi. Inna ce ya kamata ta fara ji, shi ya sa.

Na aiki yarinya ɗiban ruwa. Ba na son rijiya kwanakin nan.

Lahadi, 13 ga Zulƙida. Salaga.

Na zo. Duk hanya ina shirya maganar, tun daga Bimbila na haddace ta.

Inna ta tsufa a watannin nan fiye da yadda aka gaya mini. Ba ta fita ko zaure. Ta gane ni da tafiya. Ƙafafun sun kumbura, numfashi sama-sama, in ta yi magana sai ta tsaya ta huta a tsaka.

Ban gama shan ruwa ba ta ce in jawo akwatin ƙarƙashin gado, damina ta shigo, kada likkafanin ya yi fumfuna. Na fito da shi. Farin alawayyo ne, irin wanda na gani jibge a kasuwar Bawku. Ta karɓa ta sa a fuska ta shaƙa. Wai har yanzu yana ƙanshin can. Ta ce ba ta jin tsoron kabari, Safiya, tun da za ta kwanta a cikin wannan.

Na ce, Inna, akwai magana a kan Jibirilu.

Ta ce ta ji, haƙorin ne ko? Ta kama hannuna. Ta ce kada ku bari su cire masa. Wai fuskokinmu duk sun tafi, ni ma inuwa take gani. Amma in ya zauna a bakin ƙofa da hantsi yana ba ta labarin Arfa, in ya yi dariya, tana ganin ɗan walƙiya. Shi kaɗai ya rage mata a duniya da take gani da ido. In ta gan shi sai ta ce wa marigayi babanmu, Malam, ga alkawarinka.

Ta ce mece ce maganar?

Na ce ita ce, ta haƙorin. Yana samun sauƙi.

Na shanya likkafanin a igiya, na tsaya kusa da shi ina korar kaji.

Talata, 15 ga Zulƙida.

Yau ma ban faɗa ba. Ta ci tuwo kaɗan. Ta sa na yi mata kitso, gashin ba ya kamuwa.

Matar liman ta ce mini a soro, in kuna da abin yi mata ku yi, ba na jin za ta ga wata damina.

Asabar, 19 ga Zulƙida. Yendi.

Lorin doya ya tashi zuwa Bawku da safe. Na ba direba ƙullin dawadawa ya kai wa Zaliha, da wani ɗan ƙulli a tsumma, na ce wannan na Saaka mai haƙori ne, hannu da hannu. Ya ce in an tambaye shi fa? Na ce ka ce daga Yendi, ya san aikin.

Ba don Jibirilu ba. A rubuta wannan.

Laraba, 23 ga Zulƙida.

Malam ya ce ina 'yan kunnenki na azurfa, na ga tsinke a kunnenki. Na ce ɗaya ya faɗi a hanyar Salaga, na ajiye ɗayan. Ya ce Allah ya mayar da alheri. Shekara goma sha da aure ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ta fito sumul, ko tuntuɓe ban yi ba.

Lahadi, 4 ga Zulhajji.

Jibirilu ya sauka jiya, zai wuce Salaga gobe. Kuncin ya koma daidai. Mutane sun shigo gaisuwa, har da mijin Rashidatu, sai da aka watse na same shi shi kaɗai a zaure.

Ya ƙi kallona. Ya ce da Saaka ya kwance tsumman shi ya gane ɗan kunnena, ya ce wa Saaka ba ya so, suka yi ta ja har kwana biyu. Ya ce, Yaya, ni fa na shirya in faɗa. Kin san abin da kika ɗora mini? Yanzu sai in zauna a gabanta ranar Arfa in sake ba ta labarin dutsen da ban taɓa gani ba.

Na ce za ka ba ta. Za ka zauna a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, ka ba ta, ka yi dariya. In ta rufe ido ka je ka gaya wa liman, ka gaya wa duk Salaga, ni zan raka ka. Kafin nan in ka buɗe baki ban yafe ba duniya da lahira.

Ya fara kuka. Ya ce Yaya, zunubin. Na ce an raba shi biyu ai, rufe mini baki.

Ya rufe. Muka zauna. Can na ce buɗe in gani.

Saaka ya iya aiki. Haƙorin azurfar ya zauna daram, dasashin ya koma ja, ba wari. Na sa shi ya juya wajen haske, na ja da baya har bakin ƙofa, na runtse ido kaɗan yadda Inna ke yi. Ana gani.

Ban huce ba, kada wani ya ce na huce. Na soya masa kaza ya tafi da ita, na ce ya tauna ta ɗaya gefen.